Kuben libarba a gasar harbi

Kuben libarba na gasa shi ne gidan da ɗan wasan harbi yake ɗaurawa a ƙugu domin ya riƙe masa bindigar libarba kafin a ba da alamar fara harbi da kuma bayan an gama. Ana yin sa da fata, ko roba mai tauri, ko alminiyam. A asali kalmar kube sunan gidan takobi ne da na wuƙa, amma ana amfani da ita ga gidan ƙaramar bindiga, wasu kuma suna cewa gidan bindiga kawai.

A gasannin da ake fara harbi daga ƙugu, kube yana da ayyuka uku. Dole ya rufe kunama yadda yatsa ko bakin riga ba za su taɓa ta ba, dole ya riƙe bindigar kada ta faɗi lokacin da ɗan wasa yake tafiya ko gudu ko durƙuso, sannan ya sake ta ba gardama idan an kama mariƙinta an ja. Biyun farko na tsaro ne, na ukun na sauri, kuma suna yawan karo da juna, domin kuben da ya fi saurin saki shi ne sau da yawa ya fi saurin yar da bindiga. Ba kowace gasa ce take buƙatar kube ba. A wasannin Olamfik, alal misali, ɗan wasa yana ɗaukar bindigarsa ne daga kan tebur ya riƙe ta a hannu.

Tarihi

Samuel Colt ya sami takardar mallakar ƙirar libarbarsa a shekarar 1836. Wasu daga cikin manyan libarbobin farko, kamar Colt Walker ta 1847 wadda nauyinta ya kai kusan kilo 2, a gaban sirdi ake rataye su, doki ne yake ɗaukar nauyin. Da aka fito da masu sauƙin nauyi irin su Colt Navy ta 1851, sai kube ya koma ƙugun mutum. Kubben yammacin Amurka na wancan zamani masu zurfi ne, suna haɗiye kusan duk bindigar domin kare ta daga ƙura da ruwan sama. Kuben da yake reto a cinya, wanda aka saba gani a finafinan kaboyi, ya yaɗu ne a ƙarni na 20 ta hanyar masana'antar fim ta Hollywood.

A shekarun 1920 wani jami'in tsaro na El Paso a jihar Texas mai suna Tom Threepersons ya tsara kube gajere wanda ya bar mariƙi da kunama a fili, shagon S.D. Myres ya riƙa ɗinka shi, kuma 'yan sandan Amurka sun daɗe suna amfani da irinsa. A shekarun 1950 Arvo Ojala, wanda yake koya wa 'yan fim zare bindiga, ya fito da kube mai falan ƙarfe a cikin fata, yadda silinda za ta iya juyawa bindiga tana ciki. Wannan ya ba masu gasar saurin zarewa damar ɗana guduma tun kafin bindiga ta fito, kuma ba mutum ɗaya ba ne ya harbi ƙafarsa ta wannan hanya a lokacin da ake yin wasan da harsashi na gaske.

Gasar harbi ta zamani mai fara daga kube ta samo tushe daga gasannin da Jeff Cooper ya riƙa shiryawa a Big Bear Lake, jihar Kalifoniya, a ƙarshen shekarun 1950. A can ne Jack Weaver, wani jami'in tsaro na gundumar Los Angeles, ya ci gasar 1959 da libarba, yana riƙe da ita da hannu biyu a daidai ido, alhali sauran suna harbi da hannu ɗaya daga ƙugu. A watan Mayun 1976 aka kafa ƙungiyar IPSC ta duniya a garin Columbia, jihar Missouri, Cooper ya zama shugabanta na farko. Bayan shekara uku, a 1979, John Bianchi, wanda sana'arsa ƙera kube ce, ya haɗa kai da Ray Chapman suka kafa gasar Kofin Bianchi a wannan garin.

Babban sauyi a kayan ƙira ya zo ne da Kydex, wata roba da kamfanin Rohm and Haas ya fito da ita a 1965 domin kayan cikin jirgin sama. Ana ɗumama ta sai ta yi laushi, a matsa ta a jikin bindiga, idan ta huce ta riƙe siffar. Bill Rogers, tsohon jami'in hukumar FBI, shi ne ya fara yin kube da ita a farkon shekarun 1970, kuma kamfanin Safariland ya sayi kamfaninsa a 1985.

Abin da ya bambanta libarba da fistol

Fistol mai cin magazin shafaffiya ce, gefunanta biyu a miƙe suke. Libarba kuwa tana da ƙullutu a tsakiya, wato silindar da take ɗauke da harsasai, kuma wannan ƙullutun shi ne yake tsara duk siffar kuben. Yana tura bindigar nesa da jiki, kuma a kuben fata shi ne wurin da fatar take kamawa. Saboda haka girman gangar jikin libarba shi ne ma'auni na farko. Kamfanin Smith & Wesson yana rarraba libarbobinsa da haruffa. Rukunin K, irin su Model 10 da Model 19, kaurin silindarsu ya kai kimanin milimita 37. Rukunin L, irin su Model 686, kimanin milimita 40. Rukunin N, wanda ya ƙunshi Model 625 da 627 da 929, kimanin milimita 43. Bambancin kaɗan ne a ido, amma libarbar K takan yi lilo a kuben da aka matsa wa L, ita kuwa N ba za ta shiga ba sam. Ruger GP100 ta kusa daidai da rukunin L, har wasu masu ƙera kuben fata suna sayar da kube ɗaya ga duka biyun, sai dai a Kydex, inda komai a matse yake, ƙaramin bambancin zoben kunama yakan hana bindigar kamuwa da kyau. Chiappa Rhino ta Italiya, wadda bututunta yake daidai da ramin ƙasa na silinda, ba ta shiga kuben kowace libarba sai nata.

Ma'auni na biyu shi ne bututu. Tsawonsa a libarbobin gasa yakan kama daga inci 4 zuwa inci 6 da rabi, kuma da yawa suna da ƙarin ƙarfe a ƙarƙashin bututun har zuwa baki domin rage tsallen bindiga. Model 686 mai inci 6 ta haura kilo 1.2, kuma kaso mai yawa na wannan nauyin yana gaba. Dogon bututu yana nufin sai an ɗaga hannu sosai kafin baki ya fita, shi ya sa ake yanke gaban kuben gasa ƙasa ƙasa.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da 'yan gasa suke sauyawa a jikin libarba, waɗanda kowannensu yana shafar kube. Saitin gaba mai tsawo yana buƙatar kwarin da zai bi a cikin kuben, in ba haka ba ya riƙa karto fata, ko siririn gilashin da ke cikinsa ya karye. Maɓallin buɗe silinda da aka ƙara wa girma yakan sarƙe a gefen kuben da ke jikin mutum. Na'urar saiti mai jan ɗigo da ake ɗorawa a sama tana buƙatar a buɗe gaban kuben gaba ɗaya. Masu yanke ƙahon guduma kuma ba za su amfana da kube mai madauri ba, tunda a bayan ƙahon ne madaurin yake kamawa.

Ta fuskar tsaro, libarba ba ta da maɓallin kulle kunama irin na fistol da yawa. Abin da yake kare ta shi ne tsawo da nauyin jan kunama, wanda a sabuwar libarba yakan kai kimanin kilo 5. 'Yan gasa sukan sa a rage shi zuwa kilo 3 ko ƙasa da haka. Idan aka yi wannan ragin, rufe kunama da kube yake yi ya ƙara zama wajibi.

Ƙa'idojin ƙungiyoyi

Kuskuren da sababbin 'yan wasa suka fi yi shi ne sayen kube kafin karanta littafin ƙa'idojin gasar da za su shiga. Kuben da ya halatta a wata ƙungiya yana iya zama haramtacce a wata, kuma ƙungiyoyin suna sabunta ƙa'idojinsu lokaci zuwa lokaci.

IPSC da USPSA. Ƙa'idojin IPSC sun hana kuben hammata da kuben da ake ɗaurewa a cinya. Ƙarshen mariƙin bindiga ba zai sauka ƙasa da saman bel ba. Idan ɗan wasa ya tsaya a sake, bakin bindigar ba zai nuna wurin da ya wuce mita 1 daga ƙafafunsa ba. Tazarar bindiga da jiki ba za ta wuce milimita 50 ba, kuma dole kube ya hana isa ga kunama gaba ɗaya. Bel ɗin kansa sai an ɗinke shi a wando ko ya ratsa madaukai uku aƙalla. An yarda mata su sa shi a kan ƙashin kwatangwalo maimakon ƙugu. An kuma hana kunama ko abin da aka ɗora mata ya wuce faɗin zobenta, domin faffaɗar kunama tana iya kama bakin kube lokacin mayar da bindiga ta tashi. USPSA, reshen Amurka da aka kafa a 1984, tana da nata littafin da nata ma'aunai da inci. A rukunin libarba na ƙungiyoyin biyu an yarda da kuben tsere. Wanda ya yar da bindigarsa a tsakiyar zango, ko ya juya bakinta baya, ko ya mayar da libarba mai harsashi cikin kube gudumarta a ɗane, an kore shi daga gasar baki ɗaya, ko da shi ne kan gaba.

ICORE. Mike da Sharon Higashi ne suka kafa wannan ƙungiya a 1991 domin masu libarba zalla. Tana da rukunai daban daban, daga na libarbobi masu na'urar saiti har zuwa na libarbobi masu harsashi shida na gargajiya, kuma ba ta takura wa siffar kube sosai ba muddin ya rufe kunama kuma yana riƙo.

IDPA. An kafa ta a 1996. Manufarta ita ce a yi gasa da kayan da mutum zai iya ɗauka yau da kullum a ɓoye, don haka a yawancin zanguna ɗan wasa yana sa riga ko falmaran da za ta rufe bindigar. Kuben tsere ba shi da wuri a nan. Ana buƙatar kube mai manne da jiki, kuma bututun libarba ba zai wuce inci 4.25 ba.

Steel Challenge. Mike Dalton da Mike Fichman suka fara ta a Kalifoniya a 1981. Tana da zanguna 8, kowanne da farantan ƙarfe 5. Masu manyan bindigogin hannu suna farawa ne hannuwa a sama da kafaɗa, bindiga a kube. A zanguna 7 ana yin zagaye 5 a jefar da mafi muni, a na takwas ana yin 4 a jefar da ɗaya. Ke nan ɗan wasa yana zare bindiga sau 39, ana lissafa 31. Idan kube ya rage masa kashi ɗaya cikin goma na sakan a kowace zarewa, ya sami sakan 3.1 a jimla, abin da ya isa ya raba na ɗaya da na biyar. Kube yana da tasiri sosai a wannan gasa.

Kofin Bianchi da PPC 1500. A Kofin Bianchi ana harba harsashi 192 domin neman maki 1920, kuma Doug Koenig ne ya fara cike makin a 1990. A PPC 1500, wadda ta samo asali daga horon 'yan sandan Amurka ta kuma yi ƙarfi a Jamus da Suwidin da Ostireliya, ana harba 150 daga tazarar da ta kai yadi 50. A nan dacewar harbi ta fi sauri muhimmanci. Libarbobin PPC suna da kaurin bututu da doguwar sandar saiti a sama, saboda haka kubensu buɗaɗɗe ne a gaba, kuma tilas ya riƙe bindiga mai nauyi ba tare da ya tokare mutum ba idan zai zauna ko zai kwanta rub da ciki.

Gasar kaboyi. Ƙungiyar SASS, wadda aka kafa a 1987, tana gudanar da gasa da bindigogi da tufafi irin na ƙarshen ƙarni na 19. Ɗan wasa yana ɗaukar libarba biyu irin waɗanda sai an ɗana guduma da babban yatsa kafin kowane harbi, kowacce da harsashi biyar, guduma tana kwance a kan ramin da babu komai. Kubben na fata ne, kuma karkatarsu ba za ta wuce digiri 30 daga tsaye ba. An yarda a sa ɗaya a kishiyar ƙugu a zaro shi ta gaban ciki, amma mai yin haka sai ya murɗa jikinsa a kowace zarewa da mayarwa, domin bakin bindiga kada ya fita daga iyakar digiri 170 da ƙungiyar ta gindaya. A gasannin saurin zarewa kuwa yanzu ana amfani da harsashin kaki ko na albarushi zalla, kuma da yawa suna sa ɗan ƙarfe a ƙasan kube domin ya kauce da harsashin daga ƙafa.

Ire-iren kube

Kuben fata shi ne mafi tsufa. Ana jiƙa jemammiyar fatar saniya a matsa ta a jikin gunkin bindigar har ta ɗauki siffarta. Ba ya ƙara, ba ya cin fentin bindiga da sauri, yana kuma da kyan gani. Sabo yakan yi matsi har sai an yi ta sawa ana cirewa, tsoho kuwa yakan saki. Haɗarinsa yana bakinsa: idan fatar ta yi laushi ta lanƙwashe ciki, tana iya shiga zoben kunama lokacin da ake tura bindiga. Shi ya sa kubben gasa na fata suke da ninki biyu, ko a sa ƙarfe ko roba a baki. Fata tana shan gumi da raɓa, don haka ba a barin libarba ta kwana a cikinta.

Kuben Kydex shi ne ya fi yawa a filayen gasa a yau. Bakinsa a buɗe yake kullum, ruwa ba ya dame shi, kuma yana da noti ɗaya ko biyu da ake ƙara ko rage riƙo da su. Yakan kama zoben kunama da 'yar ƙara da ake ji idan bindiga ta zauna. Illarsa ita ce yana goge baƙin fentin bindiga a gefen silinda da bakin bututu, musamman idan yashi ya shiga, kuma yana iya lanƙwashewa idan aka bar shi cikin mota a rana. Ana haɗa shi da wani mariƙin bel na ƙarfe da yake saukar da shi kaɗan ya kuma nisanta shi da jiki. Kamfanoni irin su Blade-Tech da Comp-Tac da Speed Beez suna yin irinsa domin libarba. Ga wanda yake fara gasa, ko yake son kube ɗaya da zai shiga gasanni da dama da shi, wannan ne ya fi dacewa.

Kuben tsere kusan ba kube ba ne a ido. Ƙashi ne na alminiyam ko roba mai tauri wanda yake kama zoben kunama kaɗai ya bar sauran bindigar a waje. Da an ɗaga ta santimita ɗaya ko biyu ta kuɓuce, sai a tura ta gaba kai tsaye. Yana da ɗan hannu na kulle da ake rufewa idan ana yawo tsakanin zanguna a kuma buɗe kafin a fara, wasu kuma suna aiki da maganaɗisu. Sanannun masu yin sa sun haɗa da Double-Alpha Academy ta Holan, da CR Speed ta Afirka ta Kudu, da Ghost ta Italiya, da Guga Ribas ta Brazil. Yawancinsu domin fistol aka fara tsara su, wadda zoben kunamarta mai kusurwa ne. Zoben libarba siriri ne kuma zagayayye, ga nauyi a gaba, don haka tana buƙatar toshen da aka sassaƙa domin ita, kuma da yawa suna ƙara wani hannu da yake tallafe bakin bututu. In babu wannan tallafin, doguwar libarba takan yi lilo, kuma ɗan bugu daga baya da gwiwar hannu ko kujera ya isa ya fitar da ita idan an manta ba a kulle ba. Ribar kuben tsere 'yar kaɗan ce ga wanda zarewarsa ba ta riga ta kusa sakan ɗaya ba. Safariland 002 yana tsakanin nau'ukan biyu: yana rungumar silinda, gabansa kuma a buɗe.

Kuben yadin nailan da ake sayarwa a matsayin mai shiga kowace bindiga ba a son sa a gasa, saboda yana rufewa da an cire bindiga, sai an sa hannu na biyu a buɗe shi, wanda hakan yake jefa hannun a gaban baki. Haka nan filayen horo da dama sun hana kube mai maɓallin da ake dannawa da yatsan harbi, domin yatsan yakan zarce ya faɗa kan kunama.

Wurin zama a ƙugu

Ana duba abubuwa uku: tsayi, karkata da tazara. Idan kube ya yi sama da yawa, sai an ɗaga kafaɗa kafin bututu ya fita. Idan ya yi ƙasa, ya saɓa ƙa'ida ko ya riƙa bugun cinya a gudu. Kubben ɓoyo sukan karkata mariƙi gaba kimanin digiri 15, kubben gasa kuwa a tsaye suke ko bakinsu ya ɗan karkata gaba, yadda wuyan hannu zai kama mariƙi a miƙe. Tazara kuma ana so ta isa babban yatsa ya shige tsakanin jiki da mariƙi, domin a yi cikakken kamu tun bindiga tana ciki. A libarba wannan ya fi muhimmanci, tunda doguwar jan kunama tana tona duk wani kamu da bai zauna ba. Ga mata da yawa, kwatangwalo yakan tura mariƙi ya tokari haƙarƙari, kuma mariƙin bel mai saukarwa da nisantawa an fara yin sa ne domin magance wannan.

Kube ba ya fin bel ɗin da aka ɗaura shi a kai. 'Yan gasa suna amfani da bel biyu: na ciki yana ratsa madaukan wando, na waje mai tauri, faɗinsa inci ɗaya da rabi, yana mannewa a kansa da Velcro. Bel mai laushi yana bin bindiga sama idan an ja ta.

Kayan ɗuri da matsayinsu

Mai libarba yana sake ɗuri fiye da kowa a fili, tunda harsashi 6 ko 8 kawai silindarsa take ɗauka, alhali dogon zango a IPSC yana iya kaiwa harbi 32. Hanya mafi sauri ita ce faifan harsasai, wani siririn ƙarfe da yake riƙe harsasan a da'ira a jefa su gaba ɗaya, kwansunan ma su fito tare. Asalinsa rabin faifai ne mai cin uku da aka yi wa libarbobin sojan Amurka na 1917. Hanya ta biyu ita ce maɗurin sauri, irin na HKS ko Safariland, mai sakin harsasai idan an murɗa ko an danna. Da faifan harsasai ne Jerry Miculek ya harba shida, ya sake ɗuri, ya harba shida a cikin sakan 2.99 a shekarar 1999.

Waɗannan kaya suna cin wuri mai yawa a gaban bel, kuma inda za a sa su ya danganta da hannun da ɗan wasa yake ɗuri da shi. Mai mayar da libarba hannun hagu ya yi ɗuri da dama yana jera su daga cibiya zuwa gaban kube, don haka sai kuben ya ɗan ja baya. Mai barin ta a hannun dama ya yi ɗuri da hagu yana jera su a hagu, kubensa yana iya matsowa gaba gwargwadon yadda ƙa'ida ta yarda.

Gwaji da kulawa

A yawancin gasanni ana yawo da bindiga a kube ba harsashi tun safe har yamma, ba a taɓa ta sai a keɓaɓɓen wurin tsaro ko da umarnin alƙalin fili. Ke nan sakannin harbi kaɗan ne idan aka kwatanta da sa'o'in da kuben yake riƙe da ita ana sunkuyo ana gyara allunan hari. Ana gwada sabon kube ne da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta: a yi tsalle, a yi gudu, a durƙusa, a zauna, a kuma gwada ko yatsa zai iya kaiwa ga kunama ta kowane gefe.

Harbin kuskure da ya shafi kube yakan faru ne a lokuta biyu, wajen zarewa idan yatsa ya riga baki fita, da wajen mayarwa idan yatsa ko bakin riga ko igiyar jaket ta shiga zoben. Yawancin gasanni ba sa auna saurin mayarwa kamar yadda ta kaboyi take yi, don haka masu horarwa suna koyar da a yi ta a hankali ana kallo. Masu libarba mai ƙahon guduma sukan ɗora babban yatsa a kansa lokacin turawa, domin idan wani abu ya ja kunama za su ji gudumar tana tasowa. Notukan kube suna kwancewa da girgiza, shi ya sa ake duba su kafin kowace gasa, a kuma share toka da yashi daga ciki, tunda libarba tana fesar da hayaƙi ta tsakanin silinda da bututu.

Doka da izinin amfani da kube

Dokokin ƙasashe suna shafar siffar libarba, ita kuma ta shafi kube. A Birtaniya, bayan kisan da aka yi a makarantar Dunblane a 1996, an haramta yawancin bindigogin hannu a 1997. 'Yan gasa a Ingila da Wales da Sikotilan suna amfani da libarba mai bututun santimita 30 aƙalla da jimlar tsawon santimita 60, wadda aka maƙala wa sandar ƙarfe a bayan mariƙi, kuma kubenta dogo ne buɗaɗɗe. Dokar Kanada da ta haramta bututun da bai wuce milimita 105 ba ita ta sa kamfanoni suka riƙa yin libarba mai inci 4.2 maimakon 4, abin da yake sa bakin bututu ya tokare a kube mai rufaffen ƙasa da aka yi wa inci 4. A Ostireliya bututun libarbar gasa ba ya gaza milimita 100. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta wa jama'a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa.

Ƙungiyoyi da dama ba sa barin sabon ɗan wasa ya zare bindiga mai harsashi daga kube sai ya ci jarrabawa. A Kanada reshen IPSC yana da kwas ɗin da ake kira Black Badge, a Ostireliya kuma ana ba da shaidar ƙwarewa a amfani da kube, wadda sai da ita ake shiga gasannin da ake fara harbi daga ƙugu.